Cocin Wesley, Landan

Cocin Wesley majami'a ce ta ɗarikar Methodist da ke kan titin City Road a birnin Landan na ƙasar Ingila. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar, shi ya sa aka gina ta, kuma a bayanta aka binne shi. Mabiya suna ɗaukar ta a matsayin uwar cocin Methodist na duniya.

Tarihi

Tun shekarar 1739 Wesley yake tara mabiyansa a wata tsohuwar maƙerar igwa da ke unguwar Moorfields. Da ginin ya tsufa, sai aka nemi fili kusa da wurin. An aza harsashin sabon cocin ranar 21 ga Afrilu 1777, aka buɗe shi ranar 1 ga Nuwamba 1778. George Dance ƙarami ne ya zana ginin, Samuel Tooth kuma ya gina. Shi kansa sunan Methodist ba'a ce tun asali: ɗaliban Oxford ne suka laƙaba wa Wesley da abokansa saboda yadda suke yin komai na ibada bisa tsari da lokaci, daga baya sunan ya bi su.

Wesley ya rasu ranar 2 ga Maris 1791 a gidansa da ke harabar cocin. Gobara ta yi wa ginin ɓarna a 1879. A 1972 aka rufe shi saboda ya lalace, sai ranar 1 ga Nuwamba 1978 aka sake buɗewa, shekara 200 cif da buɗewar farko, a gaban Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A nan aka ɗaura auren Margaret Thatcher a 1951.

Tsarin gini

Ginin na bulo ne, ba shi da doguwar hasumiya irin ta manyan majami'un Turai. Don wa'azi aka yi shi, shi ya sa mimbarin katako yake a tsakiya ta gaba, bene kuma ya kewaye zauren ta gefe uku yadda kowa zai ga mai wa'azi ya kuma ji shi. Ginshiƙan farko da suka ɗauki benen dogayen itatuwa ne irin waɗanda ake ɗaura wa ƙyallen iska a jiragen ruwa, Sarki George na Uku ya ba da su. A 1891, lokacin cika shekara 100 da rasuwar Wesley, aka musanya su da na dutse daga Faransa, waɗanda cocin Methodist na wasu ƙasashe suka biya kuɗinsu.

Tagogi da alamomi

A zamanin Wesley gilashin tagogin fari ne, haske kawai ake so ya shigo. Gilasai masu launi sun zo ne daga baya, galibi daga ƙarshen ƙarni na 19, yawancinsu kyauta ne daga rassan ɗarikar ko don tunawa da wani. Saboda haka tagogin ba su da salo ɗaya, kuma tarihin masu bayarwa suke nunawa fiye da ra'ayin wanda ya kafa wurin. Akwai masu ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki. Akwai kuma tagar da mai zane Frank Salisbury ya tsara mai hoton Sir Galahad, jarumin tatsuniyar Sarki Arthur, wanda Turawa suke misalta tsarkin zuciya da shi.

Alamar da ta fi tagogin daɗewa tana jikin benen: kurciya a cikin da'irar maciji, an jera ta daga wannan gefe zuwa wancan. Galibi ana fassara kurciyar da rashin cutarwa, macijin kuma da hikima.

Alaƙa da Najeriya

Ɗarikar ta iso Najeriya ne a 1842, lokacin da Thomas Birch Freeman ya sauka a Badagry, kuma cocin Methodist na Najeriya ya samu cin gashin kansa a 1962. A ƙarƙashin cocin na Landan akwai gidan tarihin ɗarikar, wanda aka buɗe a 1984.