Yadda Wutsiyar "-ed" Ta Mamaye Turanci

Lokacin da ƙabilun Angul da Sakson suka ƙetara teku zuwa Birtaniya a ƙarni na 5, harshensu yana da hanya biyu ta nuna aikin da ya shuɗe. Tsohuwar ita ce sauya wasalin da ke tsakiyar aikatau, kamar yadda har yau "sing" ke komawa "sang". Ɗayar kuwa, wadda harsunan dangin Jamusanci suka ƙago wa kansu, ita ce liƙa ɗafa-ƙeya mai sautin "d" ko "t". Masana da dama na ganin kakan kalmar "do" ne ya manne a ƙeyar aikatau har ya narke. A tsohon Turanci "lufode" ake cewa, inda yau ake cewa "loved".

A 1066 Normawa suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka yi ta kwarara cikin Turanci. Baƙon aikatau bai san tsarin sauya wasali ba, don haka kusan duk wanda ya shigo sai a ɗaura masa wutsiya. 'Yan gida ma suka yi ta bin sahu. "Help" a da "holp" yake komawa, haka Shakespeare ya yi amfani da shi, kuma "holpen" na nan a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. Yau "helped" kowa ya sani.

Lafazin ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A da wutsiyar gaɓa ce cikakkiya, sannu a hankali bakin jama'a ya haɗiye wasalinta, marubuta suka koma rubuta irin su "disturb'd". Wannan ya ɓata wa marubuci Jonathan Swift rai, har a 1712 ya yi ƙorafi a rubuce cewa ana lalata harshe. Rubutun ya koma "-ed", amma bakin jama'a bai saurare shi ba. Shi ya sa ɗalibi ke fama da rubutu ɗaya mai furuci uku: "t" a "walked", "d" a "played", gaɓa sukutum a "wanted".

Jacob Grimm, masanin nahawun Jamus na farkon ƙarni na 19, shi ya raɗa wa masu sauya wasali suna "masu ƙarfi", masu wutsiya kuma "masu rauni". Sunan bai dace da abin da ya faru ba, domin masu raunin ne suka ci kasuwa. A 2007 Erez Lieberman da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka buga bincike a mujallar Nature: cikin aikatau 177 da ba sa bin ƙa'idar liƙa wutsiya a tsohon Turanci, 145 suka rage a Turancin tsakiyar zamani, 98 kacal a na yau. Waɗanda suka tsira su ne na bakin kowa kullum, irin su "go" da "take", don yaro kan haddace su tun kafin ya san akwai ƙa'ida.

Jefi-jefi ruwan kan koma baya. A Amurka, tun ƙarni na 19, "sneaked" ya samu kishiya "snuck", "dived" kuma ya samu "dove", kuma har yanzu malaman nahawu na gardama a kansu.