Ƙurar ramin uraniyom da iskar radon: abin da ma'aikaci ke shaƙa

Yau bayaninmu kan ƙurar da ma'aikatan Arlit da Akokan ke shaƙa ne.

Somaïr ta fara fitar da uraniyom a 1971, a buɗaɗɗun ramuka. Cominak kuwa daga 1978 take haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akouta, zurfin wajen mita 250, har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Aiki ya tsaya, amma tulin dattin ma'adini na kusan tan miliyan 20 ya rage a wurin.

Ƙurar da ido ke gani, hanci da majina suna tare mafi yawanta. Wadda ba a gani ita ce matsalar. Dutsen uraniyom yana fitar da wata iska mai suna radon, ba launi, ba wari. Cikin kwana huɗu rabinta ya riga ya rikiɗe zuwa ƴan ƙwayoyi masu tururin guba. Wasunsu ba su wuce nanomita ɗaya ko biyu ba, alhali kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye. Sai su manne wa ƙura, su gangara can ƙasan huhu, su zauna suna ƙona shi sannu a hankali. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce in an cire taba, radon na cikin manyan masu jawo kansar huhu. Mai shan sigari da ke aiki a rami, haɗarinsa ya ninka, wannan kam ba wasa ba ne. Ƙurar dutsen ma tana taurara huhu, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Abin takaicin, ciwon ba ya fitowa da wuri. Mutum kan yi shekara goma, ashirin, har ya yi ritaya, kafin tari da haki su fara.

Kariya ta farko tana wuyan kamfani: fankokin da ke tura iska mai kyau cikin rami, da yayyafa ruwa wajen fasa dutse da kan hanyar manyan motoci. Takunkumi na baya ne, kuma rawani ko ƙyalle ba ya tare irin waɗannan ƙwayoyin. Ƙa'idar duniya ta ce kada tururin da ma'aikaci ke ɗauka ya wuce milisibat 20 a shekara, na sauran jama'a kuma 1. Shi ya sa ake rataya wa ma'aikaci ƴar na'urar awo. A ganinmu, ma'aikatan ƴan kwangila ma su riƙa neman sakamakon awonsu a rubuce.

Haɗarin kan biyo mutum gida. Tun 2003 masu binciken CRIIRAD na Faransa, da gayyatar ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen, suka tarar da tsofaffin ƙarafan kamfani masu tururi a kasuwar Arlit. Don haka kayan aiki su tsaya wurin aiki, kada uwargida ta haɗa su da wankin yara, kuma ƙarfen da ba a auna ba kada ya zama tukunya ko ƙofa.

A 2011 an kafa OSRA don duba lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas. Wanda mahaifinsa ya koma ƙauye, in tari ya wuce mako biyu, a kai shi asibiti da takardunsa na aiki, a faɗa wa likita shekarun da ya yi a rami.