Ƙafar da Tarihi Bai Ƙirga Ba

A watan Maris na 2024 wata likitar dabbobi ƴar Birtaniya mai suna Jasmin Paris, mai shekara 40 da ƴaƴa biyu, ta kammala tseren Barkley da ake yi a duwatsun jihar Tenesi ta Amurka. Tsere ne na zagaye biyar a cikin kurmi da hawa da gangara, tsawonsa ya kai kilomita 160, an kuma ƙayyade masa awa 60. Ta iso da sauran daƙiƙa 99 kacal, ta zube a bakin ƙofa. Ita ce mace ta farko da ta taɓa kai ƙarshensa. Shekara biyar kafin nan, a 2019, ta riga maza da mata duka a tseren Spine na Ingila, kilomita 431 a tsakiyar hunturu cikin awa 83, tana tsayawa a zango tana tatsar nono domin tana da goyo.

Abin da ya ba duniya mamaki a nan ya samo asali daga wani tsohon zato. Bayan wasannin Olamfik na Amsterdam a 1928 an soke wa mata tseren mita 800 bisa hujjar cewa jikinsu ba zai ɗauka ba, ba a maido da shi ba sai 1960. Gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 kuwa sai a 1984 aka yarje musu shi a Olamfik. Na daɗe ina tunanin da an kawo wannan hujja gaban tsofaffin matan Maraɗi ko Tsibiri na wancan zamani, da dariya kawai za su yi, domin garuruwan nan biyu da ƙafa aka zo aka kafa su.

Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa ta bi baya a 1808 inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa. Ɗan Kasawa ya zauna a ƙasar Damagaram kafin ya dawo ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa sun fi su shan wahala: kusan shekara 28 suna ƙaura daga wannan zango zuwa wancan, har aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, bayansa ne Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Littattafanmu na makaranta suna ba da wannan labari da sunayen sarakuna da ranakun yaƙi. Amma sarki da barade a kan doki suke. Wadda ta ɗauko tukunya da ƙwarya da irin gero, da yaro a baya da wani a hannu, a ƙasa take, kuma in ba ta iso ba, sansanin yaƙi za a samu, ba gari ba. Muna da sarautar Inna a Gobir da ta Iya a Maraɗi, shaidar cewa gidan sarauta ya san matsayin mata. Sauran dubban matan kuwa ko suna ɗaya ba a ajiye mana ba.

Inda muka fi samun shaida a rubuce shi ne fatauci. A 1826 Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya gamu da ayarin fataken Hausa a Kayama ta ƙasar Bargu, suna dawowa daga Gwanja da goro. Ya ƙiyasta su kimanin mutum dubu, maza da mata, ya kuma lura cewa ban da jakuna da takarkarai, mata ma suna ɗauke da kaya a ka: wasu bayi ne, wasu kuma ƴaƴa ne da suka yi jinga don a biya su ladan dako. Hanyar Kano zuwa Salaga tafiyar watanni ce, da ƙetaren Kwara da fargabar ƴan fashi. Wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa wannan bambanci ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Jasmin Paris ita ta zaɓi wahalarta, tana iya fasawa a kowane zagaye ta koma gida. Kuyangar da ke cikin ayarin goro ba ta da wannan zaɓi, saboda haka kada sha'awar yabon juriya ta sa mu shafe zaluncin da ke ƙarƙashinta.

Akwai kuma waɗanda suka yi tafiyar da son ransu. A ɗaya ɓangaren iyakar yaƙi, Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin Ƴan Taru, inda jaji take jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka, a ƙafa, zuwa wurinta don ɗaukar karatu, sannan su koma su karantar. Mafi tsawo duka ita ce hanyar hajji ta ƙasa, daga ƙasar Hausa zuwa Barno, a ƙetare Wadai da Darfur, a bi ta El Obeid da Hartum har Suwakin a bakin Bahar Maliya. Iyalai suna yin shekaru a kanta, a tsaya a yi noma ko ƙodago a sami guzuri a ci gaba, a haihu a hanya, a yaye a hanya. Da yawa ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu a Sudan, wanda waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, yana cikin abin da wannan hanya ta bari.

A hamadar Maroko ana yin Marathon des Sables tun 1986, kimanin kilomita 250 cikin mako guda, kowa da abincinsa a baya. Touda Didi ƴar Maroko ta lashe ɓangaren mata a 2008 da 2009. Ke nan ba sai an je Turai ba kafin a sami ƴar Afirka a wannan fage, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗalibar Jiratawa da ta saba zuwa gona da rijiya ta ji labarin nan kamar na wata duniya ba.

Ga wani awo da zai yi amfani a aji. Daga Maraɗi zuwa Katsina, in aka bi kudu ta wajen Jiratawa da Ɗan Isa da Jibiya, kimanin kilomita 90 ne. Tsawon tseren Comrades na Afirka ta Kudu ke nan, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wanda aka fara a 1921. A 1923 wata mata, Frances Hayward, ta shiga shi ba da izini ba, ta gama cikin awa 11 da minti 35, aka hana ta lambar da aka ba maza. Ba a buɗe wa mata shi a hukumance ba sai 1975.