Gyara a lokacin koyo: Yadda ake taimaka wa ɗalibi ya haɗa abin da ya sani

Ɗalibi na iya haddace ma'anar kalmomi goma a darasin kimiyya, ya kuma ci jarrabawa, amma ya kasa bayyana yadda ɗaya ke da alaƙa da ɗaya. Masana harkar ilimi sun ce maganin wannan matsala shi ne gyaran da malami ke yi tun ana tsakiyar koyo, kafin a kai ga jarrabawar ƙarshe.

Daga ina tsarin ya samo asali?

A shekarar 1967 ne wani masani, Michael Scriven, ya bambanta awon da ake yi domin a gyara aiki tun ana cikin yinsa, da wanda ake yi domin yanke hukunci bayan an kammala. Daga bisani Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya kawo wannan tunani cikin aji.

Batun ya ƙara ƙarfi a 1998, lokacin da Paul Black da Dylan Wiliam na kwalejin King's da ke Landan suka yi bitar bincike kusan 250. Sun gano cewa irin wannan gyara na ɗaga ƙwazon ɗalibai, musamman waɗanda aka bari a baya.

Ta yaya malami zai ga abin da ke kan ɗalibi?

Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce taswirar ma'anoni, wadda Joseph Novak da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972.

Ɗalibi zai rubuta muhimman kalmomin darasi, ya ja layi tsakaninsu, sannan ya rubuta a kan kowane layi abin da ya haɗa su. A kan layukan ne kuskure yakan fito fili.

Alal misali, a darasin tsirrai ɗalibi na iya haɗa “tsiro” da “ƙasa” ya rubuta cewa daga nan yake samun abincinsa, ya bar “hasken rana” a gefe ba layi. Kalmomin duk ya san su; dangantakar ce ta ɓace masa, domin a ganye tsiro ke haɗa abincinsa daga ruwa da iskar kabon, da taimakon haske.

Wane irin gyara ne ya fi amfani?

Malamin da ya ba shi maki huɗu cikin goma bai nuna masa inda ya kauce ba. Wanda kuwa ya tambaye shi dalilin da ya sa ciyawar da aka kifa wa ƙwarya take ƙoɗewa, alhali tana kan ƙasa mai taki, ya tilasta masa sake duba layin da ya ja.

Wani bincike da Ruth Butler ta wallafa a 1988, a kan 'yan makaranta a Isra'ila, ya nuna cewa aikin waɗanda aka rubuta wa sharhi kawai ya inganta. Waɗanda aka ba maki kawai, da waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi, ba su samu irin wannan ci gaba ba. Masana na ganin makin ne ke ɗauke hankalin yaro daga sharhin.

Ko gyara na iya yin illa?

Ƙwarai kuwa. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun yi nazarin bincike 131, inda suka gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen, martanin da aka bayar rage ƙwazo ya yi. Hakan ya fi faruwa ne idan aka karkata ga yabon mutum ko kushe shi, aka bar aikin da ya yi.

Haka kuma gyara ba ya amfani sai an bai wa ɗalibi lokacin sake aikin.

Mene ne ƙalubalen?

A Najeriya, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi awon ɗalibi a kai a kai. Sai dai idan aka taƙaita shi ga tara maki daga ƙananan jarrabawa, hukunci ne aka yawaita, gyara bai samu ba.

A aji mai cunkoso, rubuta wa kowa sharhi abu ne mai wuya. Shi ya sa wasu malamai kan duba taswirori kaɗan, su zaɓo kuskuren da ya fi yawa, su zana shi a allo, sannan ɗalibai su gyara nasu bibbiyu kafin a shiga darasi na gaba.