GPS: Tarihin Neman Hanya da Tauraron Ɗan'adam a Girei da Yola

GPS tsari ne na taurarin ɗan'adam da ke nuna wa mutum inda yake a doron ƙasa, yana cikin mota ne ko yana tafe a daji. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, yana aiko da saƙon lokaci. Na'urar da ke hannu ba ta aika musu komai, sauraro kawai take yi. Idan ta kama saƙon taurari huɗu, sai ta auna jinkirin kowanne kafin ya iso, ta fitar da matsayinta.

Asalinsa aikin soja ne. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, masana a Amurka suka lura ana iya bin sawun tauraron ta sautin rediyonsa, sai suka juya dabarar: wanda ya san inda tauraro yake zai iya sanin inda shi kansa yake. An fara shirin GPS a 1973, aka harba tauraron farko a 1978. Da Sobiyet ta kakkaɓo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya saki hanya a 1983, mutum 269 suka rasu, Shugaba Reagan na Amurka ya ce za a buɗe tsarin ga farar hula. An kammala shi da taurari 24, ya fara cikakken aiki a 1995, amma da gangan ake dagula saƙon farar hula, kuskure ya kai mita 100. Sai a watan Mayun 2000 aka daina. Daga nan kasuwar na'urorin mota irin su Garmin da TomTom ta buɗe, Google Maps ya biyo baya a 2005. Rasha da Turai da Sin kowa ya kafa nasa tsarin, wayoyin yanzu kuma suna sauraron fiye da ɗaya.

A Adamawa ba ta hannun direbobi GPS ya fara shigowa ba, ta hannun ma'aikatan safiyo ne, masu auna filaye da hanyoyi. Jami'ar da aka kafa a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Yola, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, tana cikin ƙaramar hukumar Girei a kan hanyar Mubi, kuma tana koyar da safiyo. Lokacin da ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya soma kafa tashoshin GPS na dindindin daga 2008, ɗaya a wannan jami'a aka girka ta, kamar yadda aka yi a Zariya da Birnin Kebbi. Eriya ce kafaffiya da ba ta motsi, tana karɓar saƙo dare da rana. Da bayananta mai awo ke gyara nasa lissafin har kuskure ya koma 'yan santimita. Masu rigakafin shan-inna ma sun yi amfani da GPS a Arewa tun wajen 2012, inda aka riƙa ba ma'aikata wayoyi masu nuna rugagen da suka taka da waɗanda suka tsallake.

Zamanin na'urar da ake liƙawa a gilashin mota kusan tsallake shi aka yi a Adamawa. Motoci 'yan Beljiyam kan zo da allon taswira, amma taswirar Turai ce, ba ta san Song ba balle Gombi. Wayar hannu ce ta kawo GPS ga kowa. Yau baƙon da ya sauka a tashar Jambutu yana iya cewa a turo masa lokeshan ta WhatsApp, ya bi ɗigon shuɗi ya haye gadar Binuwai har Sangere. Duk da haka kwatance bai mutu ba. Mai Keke Napep a Jimeta ya fi gane "bayan masallaci, ƙofa ta uku" a kan sunan titin da ke cikin waya, domin lunguna da yawa ba su da suna a taswira, wasu kuma sunan da ke rubuce ba shi ne na bakin jama'a ba.

Nan ne iyakar na'urar take. Tauraro yana faɗin inda mutum yake, amma hanya taswira ce ke faɗinta, taswira kuma sai abin da aka zuba mata. Ba ta san kwalbatin da ruwa ya ci jiya ba, ko hanyar fadama da ta nutse a ambaliya irin ta 2012 da 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Wannan labari a bakin direbobin tasha ake jin sa.

Masu shiga daji, kamar masu hawa tsaunin Sukur ko masu ratsa gandun Gashaka-Gumti, sukan ɗauka idan sabis ya ɗauke GPS ya mutu. Ba haka ba ne: saƙon tauraro kyauta ne, ba ya buƙatar data ko layin waya. Taswirar ce ke buƙatar intanet, kuma ana iya sauke ta tun daga gari. Abin da ya fi yanke wa matafiyi hanzari shi ne caji, domin GPS na cin batir sosai.