Sallah, bashi da saki: Yadda damuwa ke shiga gidajen 'yan Kantin Kwari

Kasuwar Kantin Kwari da ke Ƙaramar Hukumar Fagge a birnin Kano na cikin manyan kasuwannin tufafi a Afirka ta Yamma. Daga nan ake sarin atamfa da shadda da leshi da yadi zuwa jihohin Arewa da Nijar da Chadi da Kamaru. Kakarta ita ce watan azumi, lokacin da kowane magidanci ke neman fita kunyar iyalinsa da kayan Sallah. A wannan watan ne kuma ɗan kasuwar kansa yake ɗauke da kaya biyu: bashin waɗanda suka ba shi haja, da ɗawainiyar gidan da ke ganin ai a hannunsa tufafin suke.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa kayan nauyi. Ambaliyar watan Agustan 2022 ta lalata dukiya mai yawa a shagunan kasuwar. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki darajar naira, alhali akasarin hajar Kwari daga waje ake shigo da ita, musamman daga Sin, kuma da dala ake lissafinta. Daga Agustan wannan shekara zuwa Maris na 2024 iyakar Najeriya da Nijar ta kasance a rufe. Babban attajiri yana iya jure irin wannan. Ɗan tebur da yaron shago da dillali, waɗanda cefanen gobe ke fitowa daga cinikin yau, su ne ke komawa gida da ita.

Mece ce damuwa a wajen likitoci?

Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa yana sakin wasu sinadarai da ke ƙara bugun zuciya, su ɗaga jini, su kore barci. Wannan ba cuta ba ce idan ta zo ta wuce. Illar tana zuwa ne idan matsin ya yi watanni ba sassauci: ciwon kai, saurin fushi, mantuwa, raguwar sha'awar iyali, da ta'azzarar hawan jini ga mai shi.

Ciwon damuwa kuwa wani mataki ne daban. Likitoci suna zarginsa idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da sauyin barci da cin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, ko tunanin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 7 ne ke fama da shi, wato kashi 3.9 cikin ɗari. A Kano mai wannan ciwo ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Abin da zai ce shi ne kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu yana yawo a jikinsa, shi ya sa yakan daɗe yana shan maganin zazzaɓi da na olsa kafin a gane inda matsalar take.

A 1967 likitoci biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera al'amuran rayuwa gwargwadon yadda suke girgiza mutum. Mutuwar miji ko mata ta zo farko da maki 100, saki ya biyo da 73. Bikin Kirsimeti ma ya samu shiga da maki 12. Ma'aunin na wata al'umma ne, amma ya nuna cewa ranar murna ma tana da nata nauyin.

Abin da addini ya wajabta da abin da al'ada ta ɗora

Rigingimun Sallah da yawa suna tasowa ne daga cakuɗa waɗannan biyu. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'ar Musulunci a Kano ke bi, ciyarwa da tufatarwa da muhalli wajibi ne a kan miji gwargwadon halinsa. Yawan turamen atamfa, tsadar shadda, toshin Sallah ga budurwa da kajin surukai duk al'ada ce. Layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da iko, ba a ɗora wa wanda kuɗin ragon zai taɓa abincin gidansa ba.

A gidan mai mata fiye da ɗaya, ba ƙarancin kayan ne ke haddasa fitina ba kamar bambancinsu. Matar ɗan Kwari ta san farashin kowace atamfa, ba a yi mata rufa-rufa. Abin da ya fi sauƙi, kuma aka fi gudunsa, shi ne maigida ya zauna da iyalinsa tun kafin azumi ya faɗa musu abin da zai iya bana. Mazan kasuwa da dama suna ganin bayyana wa mace karayar jari zubar da girma ne. Sakamakon haka ita tana fassara shirunsa da rowa ko shirin ƙarin aure, shi kuma yana fassara tambayarta da rashin godiya.

Idan ta kai ga rabuwa

Yawan mutuwar aure ya daɗe yana damun hukumomi a Kano. A farkon 2009 Hisbah ta hana wani gangamin zawarawa da Hajiya Altine Abdullahi ta shirya. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, kuma a Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da 1,800. Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi ta fafutukar kafa dokar iyali tun 2017.

Ƙa'idojin da ke rage raɗaɗin rabuwa suna nan a fiƙihu, aiki da su ne ya yi ƙaranci. Sura ta Nisa'i, aya ta 35, ta yi umarni da a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Wadda aka yi wa sakin da ake iya kome tana yin idda a ɗakinta, tsarki uku ko har ta haihu idan tana da ciki, kuma ciyar da ita yana kan mijin. Korar ta a daren da aka ba ta takarda saɓa wa shari'a ne, kuma yana toshe ƙofar biko. Fushi ba ya hana saki aukuwa sai idan ya gusar da hankali, kuma saki uku a kalma ɗaya uku ne a wajen Malikiyya, ko da yake wasu malamai suna ƙirga shi ɗaya.

Riƙon 'ya'ya haƙƙin uwa ne muddin ba ta yi wani aure ba: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan ta yi aure, kakarsu ta wajen uwa ce ke gaba. Ciyarwa da sutura da karatu suna nan a wuyan uba ko a ina yaran suke. Ranar Sallah ce ke tona wannan. Yaron da aka yi wa 'yan ubansa ɗinki aka manta da shi, ko aka aike shi da saƙon baƙar magana tsakanin gida biyu, yakan nuna abin ta hanyar fitsarin kwance, faɗa ko faɗuwa a makaranta. Gara a yanke tun da wuri wa zai ɗinka, ina zai ci tuwon Sallah, wa zai kai shi kallon Hawan Daushe.

A Sabon Gari irin wannan matsi yana zuwa ne a Disamba, lokacin da 'yan kasuwa ke haɗa kuɗin mota da tsarabar tafiya gida Kirsimeti. Auren da aka ɗaura a rajista kuwa Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar 1970.

Ina ake zuwa?

Sulhu yakan fara daga waliyyai, sai limami ko mai unguwa, sai ofisoshin Hisbah, wadda dokar 2003 ta kafa. Haƙƙin ciyarwa da riƙon yara kotu ce ke tilasta su, kuma akwai kotun Shari'ar Musulunci a Fagge 'Yan Alluna. Ta fuskar lafiya akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta haramta nuna wa marasa lafiya wariya. Addu'a da ganin likita ba sa cin karo da juna. Wanda ya fara ambaton kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da magunguna daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.