Tseren Motoci a Kan Tsohuwar Hanyar Ayari



Abin da zan yi magana a kansa yau wasa ne, in an dube shi sama-sama, kuma wasa ne na masu hannu da shuni, watau tseren motoci da babura na kwana da kwanaki a cikin hamadar Sahara. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan mutumin Dawakin Kudu ko Kura ko Bunkure da wannan sha'ani. Amsar ita ce, hanyar da aka yi tseren a kanta tamu ce, kakanninmu ne da abokan cinikinsu Abzinawa suka tattake ta, kuma akwai shekarar da tseren da kansa ya iso har Kano.

Tilas ne mu fara da ayari. A watan Fabrairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano, bayan ya bar Tarabulus tun watan Maris na 1850, ya kuma biyo ta Agadas. Abin da ya fi burge shi a Kano shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a kowace shekara. To, wani babban kaso na baƙin yadin nan mai walƙiya da Abzinawa ke naɗawa, daga marinar Kura da ƙauyukan da ke kewaye da ita yake fitowa, shi ya sa har yau ake cewa ɗan Kura. A nan aka shuka baba, a nan aka rina, a nan mabuga suka buge shi, sa'an nan raƙumi ya ɗauka ya yi arewa. Raƙumin nan kuwa ba ya dawowa haka nan, sai da kantun gishirin Bilma da dabino, ya kuma bar wa manomi taki a gonarsa da rani.

Ayari yana da tsari. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke yanke shawarar tashi da sauka, shi ke sasantawa da masu ƙasa. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya da zango. Ilmin waɗannan mutane ba a rubuce yake ba. Sun san tauraro, sun san yadda iska ke kwantar da tudun rairayi, sun san rijiyar da ke ƙafewa da wadda ba ta ƙafewa, sun san kwana nawa salka za ta kai. Tsakanin Agadas da Bilma akwai wajen kilomita 600, kuma in ban da Fashi babu wani gari a tsakani. Wanda ya kuskure rijiya a nan, ya kuskure rayuwarsa da ta duk wanda ke bayansa. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan magana ta sanin hanya, domin za mu sake gamuwa da ita.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta auka wa Tarabulus. Fataucin arewa ya karye, kaya suka koma bin Ikko. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransa ta yi sun daidaita ƙasar Abzin. Ayarin gishiri ya tsira, amma babbar hanyar Kano zuwa Tarabulus ta mutu. A daidai lokacin da ta mutu a matsayin hanyar ciniki ne Turawa suka fara ɗaukarta fagen gwada jarunta. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda gidansa ke Nasarawa a Kano, ya ƙetare daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, amma shi da raƙuma ya yi, tare da ayari, bisa jagorancin masu hanya. Canji ya zo da kamfanin Citroën, wanda motocinsa masu sarƙa a baya suka tashi daga Tugurt ta Aljeriya a Disamba 1922 suka isa Tambutu a Janairu 1923. Tawaga ta biyu ta 1924 zuwa 1925 ta ratsa Yamai da Damagaram. Talla ce ta mota, kuma hanya ce ta nuna cewa Faransa na iya haɗa mulkinta na arewa da na kudu. Cikin shekarun 1930 har motocin fasinja sun riƙa zirga-zirga daga birnin Aljas ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram zuwa Kano.

Yanzu sai 1974, kuma a nan zan ɗan daɗe. A shekarar ne Jamus ta Yamma ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, sai aka shirya tseren motoci daga Landan zuwa Munik, amma ta doguwar hanya, watau a ƙetaro Sahara har Kano, a juya, a sake ƙetarawa. An tashi ranar 5 ga Mayu, aka gama ranar 25. Motocin da suka tashi kaɗan ne in an gwada da tseren Landan zuwa Meksiko na 1970, saboda tsadar man fetur ta 1973 ta sa manyan kamfanoni sun janye.

Ga yadda irin wannan tsere yake. Ba a jera motoci a sake su gaba ɗaya kamar sukuwar dawaki. Ana sakinsu ɗaya bayan ɗaya, an raba tafiyar zango-zango, kowane zango da lokacin da aka yanka masa, wanda ya makara a rubuta masa tara ta mintoci ko sa'o'i. Wanda tararsa ta fi ƙaranci a ƙarshe shi ya ci. A gefen direba akwai mai karanta hanya, riƙe da taswira da kamfas da wani littafi da masu shiri suka rubuta tun watanni kafin tsere, mai cewa bayan kilomita kaza kwalta za ta ƙare, ka karkata dama, bayan kilomita kaza za ka ga tari na duwatsu. Wannan littafi shi ne jagaban Bature. Idan mota ta kafe a rairayi, sai a sassauta iskar taya, a tona da shebur, a shimfiɗa faifan ƙarfe, a tura, a yi gaba kaɗan, a sake kafewa.

To, a 1974 littafin nan ya yi ƙarya, ba da gangan ba. Bayan an rubuta shi, ma'aikatan Aljeriya sun ƙara tsawon wata kwalta da 'yan kilomita. Direbobi suka bi kwalta har ƙarshenta kamar yadda littafi ya ce, sa'an nan suka karkata, alhali mararrabar gaskiya tana can baya. Yawancinsu suka ɓace. Sai da aka tashi jiragen sama ana nema. Stirling Moss, gwanin tsere da duk Ingila ke ji da shi, ya kai motarsa Mercedes wani sansanin soja yana sa ran ruwa, ya tarar babu kowa, ya zauna jiran ceto. Motoci 7 kaɗai suka yi tafiyar kudu har Nijeriya, 5 kaɗai suka cika dukan hanyar, ko da yake 19 aka lissafa sun isa Munik. Mutanen Ostireliya uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski, su suka ci a cikin Citroën DS 23, da ratar da ta wuce kwana guda. Mata biyu 'yan Faransa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, suka zo na biyu a Peugeot 504, motar da duk ma'aikacin gwamnati na wancan zamani ya sani. Ba wanda ya mutu.

Amma mu dubi ƙasar da motocin nan suka ratsa. Fari na 1973 ya kashe dabbobi ba iyaka a Abzin da Damargu da Adar, makiyaya suka kwararo kudu, wasu har bakin ganuwar Kano suna bara. Ranar 15 ga Afrilu 1974, mako uku kafin a tashi daga Landan, soja a ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma batun yadda aka yi da abincin agaji yana cikin manyan dalilan da suka bayar. A nan gida, a shekarar ce aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, wadda ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Watau ƙasar baba da rini ta koma ƙasar alkama da shinkafa da tumatir a daidai shekarar da abokan cinikinta na dā suka rasa raƙumansu. A ganina wannan ya fi tseren muhimmanci nesa ba kusa ba, amma tseren ne aka rubuta wa littattafai, da sunan kowane direba da lambar motarsa.

Wanda ya mai da abin sana'a shi ne Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ɓace da babur ɗinsa a 1977 yana cikin tseren Abijan zuwa Nis. Da aka cece shi, maimakon ya tuba, sai ya shirya nasa. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Faris, suka bi ta Tamanrasat da Agadas da Yamai da Gawo da Bamako, 74 suka isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Duniya ta san sunan tseren sosai a Janairu 1982, sa'ad da Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila, ya ɓace kwana 6 a kudancin Aljeriya, har jirgin sojan ƙasar ya gano shi. A 1983 aka ratsa Tenere karo na farko, guguwar rairayi ta taso, kimanin 'yan tsere 40 suka ɓace, aka kwana huɗu ana tattara su.

Adalci ne a faɗi abin da Agadas ta samu. Kowace shekara ɗaruruwan baƙi da 'yan jarida sukan sauka, a sayi mai, a kama ɗakuna, maƙeran azurfa su yi ciniki, makanikai su sami aiki da kayan gyara da aka zubar. Hotunan talabijin sun jawo 'yan yawon buɗe ido. Mano Dayak, Ba'abzinen da ya kafa kamfanin yawo a Agadas, ya yi aiki da Sabine wajen fitar da hanya, domin ko mai littafi da kamfas sai ya nemi ɗan ƙasa kafin ya rubuta littafin. Dayak ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995, ya mutu a haɗarin jirgi a Disamba 1995, kuma sunansa filin jirgin Agadas ke ɗauke da shi. Shi kuwa Sabine ya riga shi, ranar 14 ga Janairu 1986, sa'ad da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine wanda ya zo aikin raba wa ƙauyuka famfunan ruwa. An watsa tokarsa a gindin wata bishiya a Tenere, bishiyar ta ci sunansa. Kada a rikita ta da tsohuwar ƙayar Tenere, alamar da madugai suka yi shekaru aru-aru suna bi ba wanda ya karya reshenta, wadda wani direban babbar mota ya banke a 1973, gawarta kuma tana gidan tarihi na Yamai.

Akwai kuma abin da aka biya. Mota mai gudun da ya wuce kilomita 100 a sa'a, a hanyar ƙauye inda yara ke fitowa kallo, ba ta tsayawa don an ɗaga mata hannu. A 1988 an kaɗe yarinya 'yar shekara 10 a Mali, da wata uwa da 'yarta a Muritaniya, har jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren, tana ganinsa baje kolin dukiya a gaban masu yunwa. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Sanagal. Hanyoyin ƙasa da manoma ke bi sukan lalace, a bar wa ƙananan hukumomi gyara. Ku ma'aikata da ke nan kun san abin da gyaran kilomita guda na hanyar burji ke ci.

Daga 1992 aka shigo da na'urar gane wuri ta tauraron ɗan Adam, ɓata ya ragu. Abin da ya kori tseren rashin tsaro ne. A 1997 an yi Dakar zuwa Agadas a koma Dakar. A 2000, saboda barazanar hari, aka kwashe dukan motocin a manyan jiragen dako daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya, kuma tun daga nan tseren bai sake ratsa Tenere ba. An soke na 2008 gaba ɗaya bayan kashe wasu Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Kudancin Amurka, daga 2020 ya koma Saudiyya, yana riƙe da sunan Dakar.

Hanyar dai ba ta zauna babu kowa ba. Direbobin Agadas da suka koyi rairayi wajen ɗaukar baƙi da yi wa 'yan tsere jagora, da dama cikinsu sun koma ɗaukar masu neman aiki zuwa Libiya da Aljeriya, a bayan a-kori-kura, kowa riƙe da jarkar ruwa da sandar da zai dafa. Jamhuriyar Nijar ta haramta sana'ar da doka a 2015, aka soke dokar a Nuwamba 2023. Su ma 'yan tsere ne ta wata fuska, domin da ƙishirwa suke tsere, sai dai ba su da jirgin da ke shawagi a kansu, ba likita a zango, ba mai ƙirga su da safe ya sake ƙirgawa da yamma. A 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, a kan hanyar nan da motocin 1974 da na 1979 suka yi suna a kanta. Motocin suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka watsu da ƙafa neman rijiya. Da masu nema suka isa, gawa 92 suka tarar, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Yawancinsu Hausawa ne daga ƙasar Kance, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Damagaram, 'yar tafiya kaɗan bayan an wuce Daura.